Zafin Tukunya

Littattafan da Turawa ke rubuta wa mai son dafa giya a gida daga tsabar hatsi sun yi ittifaƙi a kan lamba guda: a zuba niƙaƙƙen tsiro cikin ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68, a riƙe shi haka awa ɗaya. A wannan zafi ne sinadarin da ke cikin tsiro, wanda masana ke kira amilaz, yake narkar da gari ya mai da shi zaƙi. In zafi ya doshi 80, sinadarin ya mutu. Lissafin daidai ne, amma na sha'ir ne, hatsin ƙasashen sanyi.

Wani saurayi ɗan ƙasar Arewa, wanda ya yi karatu a Beljik, ya dawo Yamai da irin wannan littafi da ma'aunin zafi na gilashi. Kakarsa, a wani ƙauye kusa da Dogondutsi, da burkutu ta ciyar da gida, sana'ar da jikoki ba sa ambata gaban baƙo. Ya sayi jar dawa tiya goma, ya jiƙa, ya rufe da ɗanyen buhu kwana huɗu har ta tsira, ya shanya, ya kai inji. Ya tsare tukunya a 66 bai ko ƙifta ido ba. Abin da ya tace ruwa ne tsululu, garin kuwa yana kwance yadda ya zuba shi.

Garin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen 70 ko fiye, wato daidai inda sinadarin ke fara mutuwa. Littafin bai san da wannan ba.

Goggonsa, wadda ta yi wa tsohuwar izar wuta tana ƴar yarinya, ta saurare shi ta waya har ya gama.

"Ɗana, ka kwashe ruwan sama kafin ka ɗora?"

"Wane ruwan sama, Goggo?"

Matan burkutu, da takwarorinsu masu dolo a Burkina Faso da masu bilbil a Cadi da arewacin Kamaru, ba sa ɗora kwaɓin gaba ɗaya a wuta. Sukan dama tsiro da ruwan sanyi, su zuba yauƙin kuɓewa ko na dargaza don gari ya kwanta, su kwashe ruwan da ya taso su ajiye gefe, domin a cikinsa ƙarfin tsiron yake. Garin da ya kwanta kaɗai ake tafasawa har ya yi kauri. Sa'an nan a maido masa ruwan nan, zafi ya sauko inda sinadarin zai yi aiki bai ƙone ba. Ma'auninsu bayan hannu ne da nauyin muciya. Kwaɓin ya kwana ya yi tsami, a tace, a sake tafasawa. Da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan masana'antu suka koma ga dawa suka ci karo da wannan matsala, masu bincike kuma suka duƙufa a kan dabarar kwashe ruwa da mata suka daɗe da ita.

Saura yisti. Littafin 20 yake nema, lambar da Yamai ba ta sani ba a watan Afrilu. Goggo ta ce ya bar robar da ya saya, ya nemi randar ƙasa, ya binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, ya zuba da dare. Giyar dawa kwana ɗaya ya ishe ta tashi, ba ta kuma ajiyuwa.

Giya haramun ce ga mafi yawan mutanen ƙasar nan, don haka wannan sani ba ya shiga aji. Malamin kimiyya yana nan yana nuna amilaz da yawu da burodi, yadda littafin Faransa ya tsara. Alhali mai dama kunun zaƙi a ƙofar makaranta hanyar nan take bi. Takan raba gasara biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ta jira ya ɗan huce, ta zuba ɗanyen da aka niƙa da tsiro ko dankali, ta rufe ya kwana. Da safe kaurin ya saki, zaƙi ya fito tun ba a sa sukari ba.