Sanyin Makango

Jikana da ke karatu a Ingila ya kira ni ranar Juma'a. Bayan gaisuwa ya ce, "Kaka, mun shirya da abokaina za mu tsibirin Aisland a watan Oktoba, mu kafa tanti mu kwana a fili." Na ce, "Abokina, kuɗi za ka biya ka je ka kwana a sanyi? Zo Karaga da hunturu, kyauta za mu ba ka." Muka yi dariya. Da ya kashe waya sai na tuna Makango.

Ina saurayi a lokacin, ba a daɗe da gama madatsar Akosombo a 1965 ba, ruwan Bolta ya cika ya shanye hanya, mai zuwa Kumasi ta Salaga sai ya jira jirgin fito daga Makango zuwa Yeji. Mun gama girbin dawa, na sayar da nawa kason, na ce sai na ga Kumasi. Mahaifina ya miƙo mini tsohon gwadonsa. Na dubi rana tana ƙuna, na dubi sabuwar rigata, na ce, "Baba, kudu fa zan yi." Bai ce komai ba, ya ninke abinsa.

Na tsaya shiririta a kasuwar Salaga, kafin in isa bakin ruwa jirgi ya tashi. Da dare ya raba, iska ta taso ta kan ruwa, haƙorana suka dinga kaɗawa. Wani dattijo mai fataucin shanu ya jawo ni kusa da wutarsa, ya yafa mini gefen bargonsa. Da asuba ya tambaye ni, "Yaro, ba ka da manya a gida?" Wannan tambaya ta fi sanyin ciwo.

Da na dawo ne mahaifina ya ba ni labarin kakanninmu, fataken da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, kafin yaƙin 1892 ya watse kasuwar Salaga. Ya ce ba a tashin ayari don rai ya so. Sai damina ta ɗauke, koguna sun ja baya. Madugu ya san kowane zango, ya san inda rijiya take, jagaba yana gaba yana duba hanya. A dawowa kuma iskar hunturu ce abokiyar gabar goro, don haka ake lulluɓe shi da ganye, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Ya ce, "Mutanen da suka yi wa goro riga, kai ka ƙi yi wa kanka."

Tun daga nan ban sake fita ba sai na tambayi wanda ya dawo daga inda zan nufa, kuma ba labarin ranar wurin nake tambaya ba, labarin darensa. Ko da na kai yara gandun dajin Mole kallon giwaye da rani, sai da kowa ya ɗauki abin rufa.

Washegarin Juma'ar nan na kira jikan nawa. Na ce ya binciki ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a can, don da kaka yininsu gajarta yake yi kullum. Ya tambayi mutanen wurin wace hanya ake rufewa, ya san inda zai fake in iska ta fi ƙarfin tanti, kuma ya bar kwana ɗaya a banza cikin lissafinsa saboda ranar da jirgi zai tafi ya bar shi.

Ya ce, "Kaka, duk yana cikin wayata." Na ce, "Madalla. In sanyi ya taso, ka yafa ta." Ya yi shiru, can ya tambaye ni bargo nawa zai ɗauka.