Hancin Jariri da Iskar Hunturu

Ku matso kusa, 'yan uwa, tunda yara sun yi barci. Maganar da mai jegonmu ta kawo ɗazu nake so mu tsaya a kanta. Ta ce yaron zai kama nono, ya ja kaɗan, ya saki ya tsala kuka, har ta fara zargin ko ruwan nonon ne ya yi ƙaranci. Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Na saurari numfashinsa da kika miƙo min shi, hancinsa ne a toshe.

Jariri a watanninsa na farko da hanci yake numfashi kusan kullum, bai saba buɗe baki ya shaƙi iska irin tamu ba. Ƙofofin hancin kuma ƙanana ne ƙwarai, ɗan tasono ya isa ya tare hanya. To baki na kan nono, hanci a rufe, ta ina zai sha iska? Dole ya saki. Ga hunturu, tun daga Nuwamba har Fabrairu iska a bushe, ƙura na shiga ta ko'ina. Ga kuma ɗakin jegonmu: taga a rufe, kasko cike da garwashi, a zuba turaren wuta, dare ya yi a kunna maganin sauro mai hayaƙi. Ni ma ina son ƙamshi, amma a turara ɗakin lokacin da yaron ke waje, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a dawo da shi. Sauro kuwa, gidan sauro ya wadatar.

Abin da za ki nema shi ne ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, ana sayar da shi a kemis cikin 'yar kwalba. Ki ce na jarirai kike so, wanda ba komai a ciki sai gishiri da ruwa. Kada ki karɓi maganin ɗigon hanci na manya ko sirop ɗin mura, sun fi ƙarfinsa. Ki wanke hannu, ki kwantar da shi rigingine a cinyarki, ki ɗiga ɗigo 2 a kowace ƙofa, ki ɗan jira kamar minti guda majinar ta yi laushi. Sau da yawa atishawa zai yi ta fito da kanta, sai ki goge da tsumma mai laushi. In ta ƙi, ki ɗauko 'yar robar tsotse majina daga hancin jarirai. A nan ake yawan kuskure: ki matse ta tukuna iskar ta fita, sannan ki sa bakinta a bakin ƙofar hancin kawai, ba can ciki ba, ki sassauta hannu a hankali ta ja majinar. Ki yi haka kafin shayarwa. In ya ƙoshi kika yi masa, zai dawo da nonon. Sau 3 ko 4 a yini ya isa, don yawan tsotso na kumbura cikin hancin, toshewar ta ƙaru. Robar kuma a wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi duk lokacin da aka gama, a kife ta ta bushe.

In kuwa yana shan nononsa lafiya, yana barci, ɗan gurnani ne kawai kike ji a hancin, ki ƙyale shi.

Na ga Yaya tana son ta ce mu da baki iyayenmu suka tsotse mana. Gaskiya ne, Yaya, kuma ba mai yin haka sai wanda yake ƙaunar yaro har zuciya. Sai dai bakin babba na ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma mai mura ko mai ƙurji a leɓe zai iya ba jariri ciwon da jikinsa ba zai iya ɗauka ba.

Yanzu ga wadda nake so ta tsaya tsakaninmu, don ta shafi iyayenmu da surukanmu. Da zarar an ji hancin yaro, kaka za ta ce a kawo Robb ko Mentholatum a shafa masa a hanci. Waɗannan mayukan akwai kafur da mentol a cikinsu. Sanyi-sanyin da suke sa babba ya ji ba buɗe hancin yake yi ba, ga jariri kuma yana iya ƙara masa majina da wahalar numfashi, kafur ɗin in ya shiga cikinsa har jijjiga yana kawowa. Ba a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba. Haka sirace da tafasasshen ruwa, yara da yawa sun ƙone ta nan. Zuma ma sai ya cika shekara. Tsinken auduga kada ya shiga hancinsa, kuma kada a tada kansa da filo in zai yi barci, rigingine a shimfiɗa ya fi. Ba na so ki yi musu da surukarki, ƙanwata. Ki ce, "Hajiya, a asibiti sun hana, ga abin da suka ce a ɗiga masa," ki miƙa mata kwalbar ta ɗiga da hannunta. In kin ga abin zai yi nauyi, ki sa maigidan ya faɗa mata.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauki ciwon ƙirji a matsayin toshewar hanci, a zauna ana ɗiga ruwan gishiri alhali nimoniya ce. Ki ɗaga rigarsa lokacin da yake natse, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Wanda bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ko fiye, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ne iyakar. Ki duba ƙasan haƙarƙarinsa, in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ƙofofin hancin na buɗewa suna rufewa, ko yana nishi, ko leɓensa ya canza launi, ko ya ƙi nonon gaba ɗaya, wannan ya wuce aikin gida. Haka zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi ga wanda bai cika wata 3 ba. Ko ƙarfe biyun dare ne, ki tashi maigidan ku tafi asibiti, in ba ya nan ki kira ɗaya daga cikinmu ta raka ki.