Fenti Ba Ya Duba Mara Lafiya

Jama'a, duk sa'ad da na ji an buɗe sabon ginin asibiti, tambayar da ke fara zuwa bakina ita ce: mutum nawa aka ɗauka aiki? Mu mazauna Ƙofar Kwaya mun ga gyara da idonmu. A zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, 2015 zuwa 2023, an gyara manyan asibitocin Katsina da Daura da Funtuwa, a 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta mayar da cibiyar lafiyarta ta Katsina asibitin koyarwa. Yabon gwani ya zama dole.

To amma layi fa? Duk wata nakan kai Inna wani asibitin gwamnati saboda hawan jini. Muna idar da sallar asuba muke tare mai Keke Napep, mu tarar an riga mu. Layin kati daban, na awon jini daban, na likita daban, na magani daban. Ga tayil, ga fanka, ga kwamfuta a ɗakin kati, amma mutum guda ne a gabanta. Ran nan har aka kira azahar ba mu shiga ba, sai Inna ta dafa ni ta ce, "Kai yaro, tashi mu tafi kemis, kada ka rasa cinikin yau saboda ni." Wallahi maganar nan ta tsaya mani a rai, don kuwa haka mutane da yawa ke barin asibiti su koma sayen magani da ka, sai ciwo ya ci ƙarfinsu a kawo su ranga-ranga.

Mai karatu, yi lissafin da kanka. Likitan da ke ba kowa minti 10, mutum 6 zai gani a awa guda, 36 a awa shida. In mutum ɗari suka zo fa? Sannan gyaran kansa yana jawo jama'a: da labari ya bazu cewa an kawo na'urori, sai a taso daga Batagarawa da Rimi da Jibiya, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi. Majinyata sun ƙaru, hannu bai ƙaru ba.

Waɗanda aka ɗauka ma riƙe su aiki ne. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar. Ga Saudiyya da Ingila na jira da albashi mai tsoka.

Shi ya sa na sa ido kan alkawarin Gwamna Dikko Raɗɗa na samar da asibitin sha-ka-tafi mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361 na jihar. In akwai nas da magani a unguwa, mai zazzaɓi da mai awon jini ba za su tsare wa mai babban ciwo ƙofar likita ba. Roƙona dai, duk kuɗin da aka ware wa siminti, a ware wa albashi kwatankwacinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.