Wajen Mai Jarka

Kafin hutun da ya wuce, malaminmu ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya koma garinsu, ya bi titi da kaye da bik, ya kwafe duk rubutun da ya gani a jikin shaguna da bango, ya dawo ya gaya mana wane harshe ne ke mulkin titin. Ƴan Yamai da ƴan Maraɗi suka hau murna, don su layi guda ya ishe su cika kaye. Ni kuwa ɗan Tanut ne, na san abin da ke jirana.

Abokin ɗakina, Bazabarme haifaffen Yamai wanda bai taɓa wuce Dogonduci ta gabas ba, ya ce sai ya bi ni. Na kawo masa zancen nisa, na kawo na zafi, na kawo na hanya, duk bai ji ba. Gaskiyar magana kunya nake ji. Shekara biyu ina cika masa kunne da Damargu: rumbun hatsin Nijar, mashigar ayarin raƙuman da ke tasowa daga Tarabulus su nufi Kano, ƙasar da Bature Barth ya ratsa a farkon 1851 har ya rabu da abokan tafiyarsa a cikinta. Abin da ban taɓa gaya masa ba shi ne ɗan kabu-kabu zai zagaya da kai garin Tanut kaf, ya maido ka, shayin farko bai tafasa ba.

Mun yi kusan kilomita 900 zuwa Damagaram, muka kwana a tasha, da safe muka kama hanyar Agadas, wajen kilomita 150 zuwa gida. Da muka kusa Bakin Birji na nuna masa matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, ina nunawa kamar ubana ya gina ta. Ba mu yi nisa ba sai ga wani yaro a bakin hanya ya jera kwalaben esansi a kan tebur. Abokina ya kalli yaron, ya waiwaya ya kalli matatar, ya kalle ni. Tun daga nan na san zan sha tsiya.

Ranar farko na yi aikina bilhaƙƙi. Muka bi babban titi daga wannan kai zuwa wancan, muka shiga kasuwa, muka leƙa tasha. Abin da na samu bai cika shafi uku ba. Alimentation Générale har sau nawa, Coiffure da hoton kawuna huɗu da ba su yi kama da kan kowa ba, Charge téléphone, Glace en vente ici, allunan Airtel da Moov da Zamani, da na masu aika kuɗi irin su Nita da Al Izza. Sai ɗan Larabci a saman wasu ƙofofi, yawanci addu'a. Hausa kuwa sai a bayan kamyo, shi ma kamyon wucewa yake. Da dare na zauna na rubuta hukuncina: a garin da kusan kowa Hausa yake ciniki da ita, har Buzaye da Fulani da Dagirawa, kuma a ƙasar da tun 2025 aka rubuta a takarda cewa Hausa ce harshen ƙasa, babu Hausa a titi. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Kashegari yunwa ta tashe mu da asuba. Abokina ya ce ina za mu ci abinci, na ce masa Asibiti. Ya ce shi lafiyarsa lau.

Asibiti rumfar zana ce a bayan tasha, inda wata dattijuwa ke dafa malku tun kafin kiran sallar farko. Babu allo, babu kujera sai benci biyu da wata tsohuwar tayar kamyo. Direbobin da suka kwana kan hanya su suka raɗa wa wurin suna, wai in ka zo da ciwon baya da mura da jiri, kwano ɗaya na romon kai da ƙafa da yaji zai sallame ka. Har maganar wurin ta bi sunan. Ba a cewa a zuba mini, sai dai "Inna, a duba ni." Ita kuma ta ɗaga ludayi ta ce, "Allura ko kwanciya?" Allura romo ne zalla na dala ashirin, ka kurɓe a tsaye ka wuce. Kwanciya kuwa da nama da burodi, sai ka zauna. Abokina ya ce a kwantar da shi. Da ya gama, gumi na zuba, ya tambaye ni ko na sa wannan a kaye. Na ce a'a, malam rubutu ya ce, ba magana ba.

Daga nan sai abin ya zame masa wasa. Duk inda muka nufa sai ya ce, "To, nan kuma me sunansa?" Ni kuma sai in ji sunan ya fito daga bakina ba tare da na yi tunani ba, sunayen da na sani tun ina ɗan lakkwal, ban taɓa ɗaukarsu a bakin komai ba.

Akwai Firigon Allah: wani tsoho ne a gindin aduwa da randuna uku da ya binne rabinsu cikin jiƙaƙƙen yashi. Ranar da kuran ya ɗauke, masu firigon gaske suna zaune suna kallon ƙanƙararsu tana narkewa, shi ruwansa da bisab ɗinsa suna nan da sanyinsu. A gefensa akwai mataccen firigo na ainihi, a kwance, a ciki yake ajiye moɗa da canji.

Akwai Ambasad, teburin mai shayi inda waɗanda suka dawo daga Libiya da Aljeriya ke zama. A nan za ka ji nawa dinari yake yau, wace hanya ta buɗe, wa aka maido, wa ya kira gida. Hausar wurin ma daban ce, Larabcin Sabha da na Tamanrasat sun shige ta ta ko'ina, ga Faransanci tsinke-tsinke. Da ina da hankali da na kunna salula na naɗi awa guda, da ya ishe ni rubutun ƙarshen shekara. A can ne wani Buzu maƙeri, da ya ji Hausar abokina, ya gane Bazabarme ne, ya ce ai bawansa ne ya zo, maza ya tashi ya wanke kofuna. Abokina ya ce shi bai taɓa ganin ubangijin da ke ɓoye bakinsa don kada a roƙe shi goro ba. Aka kwashe da dariya, Buzun ya biya mana shayi, ya kuma cusa wa abokina cuku biyu da ya ce daga wajen Belbeji aka kawo masa su ranar.

Akwai kuma wurin da ba a kiran sunansa da ƙarfi. Wani gida ne can gefen gari, ƙofar langa-langa, ba fitila a waje, inda wasu ma'aikata da baƙi ke zuwa shan abin da ba a sha a fili a garin Musulmi. Reniyo ake ce masa. In an tambayi wane aka ce "ya tahi reniyo", kowa ya gane, matarsa ma ta gane, ba wanda ya faɗi kalmar giya. Mun wuce ta ƙofar ne kawai. Ɗan gari ba ya tsayawa a nan, ko igiyar takalminsa ce ta kwance.

Inda na yi ta kauce wa kai shi kuwa shagon kawuna ne, yayan mahaifiyata. Sai rana ta huɗu, da Inna ta ce abin kunya ne baƙo ya zo bai gaida shi ba.

Wajen Mai Jarka ake cewa. Daga waje ba ka ganin komai sai jarkoki rataye, kowace an ɗinke ta cikin buhu don ruwa ya yi sanyi. A ciki akwai rawani, da baƙin tabarau, da safar hannu, da rigunan sanyi na gwanjo ko a tsakiyar bazara, da garin rogo, da dabino, da sardin, da madarar Lahda da taliyar Aljeriya, da sanduna gajeru masu kauri irin waɗanda ake kafawa a bayan Hilux mutum ya riƙe tsakanin ƙafafunsa kada ya faɗo. Duk abin da mai haurawa arewa yake bukata, ba ƙari ba ragi. Abokina ya ce bai taɓa ganin kantin da ke sayar da rigar sanyi da tabarau da sanda a tebur ɗaya ba. Kawu ya ce, "Ɗana, ba ka taɓa kwana a Tenere ba ne."

Kawu ba ya sauraren labaru sosai, ya ce jarkokinsa sun riga rediyo sani. Da aka samu zinariya a Jado a 2014, ya ce har ɗinkin buhu sai da ya ɗauki yara biyu. Da dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure ta fara aiki, masu wucewa suka koma bin dare da bayan gari, ciniki ya kwanta. Da aka soke ta a ƙarshen 2023, ya sake tashi. Yana faɗin wannan ba murna ba baƙin ciki, kamar mai ba da labarin damina.

Ni duk wannan na sani. Abin da na manta, ko na so in manta, shi ne ɗakin ciki. Abokina ne ya hango labule ya tambaya, kawu ya ɗaga masa. Kanta ce daga ƙasa har rufi, cike da kayan mutane: jakunkuna, akwatin ƙarfe, rediyo, kan keken ɗinki, buhun da aka ɗaure da igiyar raƙumi, har da wani allon karatu. Mai tafiya in ya ga kayansa sun yi yawa, ko yana da abin da ba ya so hamada ta ci, sai ya bar wa kawu amana. Ba a biyan ko dala. Wasu sukan dawo bayan wata shida su karɓa, wasu bayan shekara uku. Wasu kayan kuwa ƙura ta riga ta canja musu launi.

Kowane kaya da ƴar takarda a ɗaure, kuma akwai babban littafi mai baƙin bango. Kawu ya buɗe shi a kan cinyarsa. Shafi bayan shafi, Hausa ce tsantsa, da ajami: sunan mutum, garinsu, abin da ya bari, bashin da ke kansa, ranar da ya tafi da lissafin watan Musulunci. Wanda ya dawo, an ja layi a kan sunansa. Abokina ya sunkuyo ya ce mini a hankali, da Faransanci, "Wannan fa, rubutu ne ko magana?" Ban amsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban iya karanta shi ba. Ni da ke Jami'ar Abdou Moumouni ina koyon rubuta kowane sauti na bakin ɗan Adam da alamominsa, ni da ke gyara wa mutane ƙ da ɗ da ƴ a Facebook, na bar makarantar allo ina da izu biyu. Ina gane baƙaƙen ɗaya-ɗaya, amma hannun kawu ya fi ƙarfina. Sai shi ya riƙa karanta mana, yana bin layi da yatsa: wane ɗan Kance, tabarma da tukunya, wance da ƴaƴanta biyu, ƙullin zannuwa, wane ɗan Gangara, rediyo. Ya juya shafi, ya yi shiru, ya dube ni. Na san inda ya iso.

Yayana ya tafi Libiya a 2019. Shekarun farko yana kira, yana aiko da abin da ya samu, da kuɗinsa aka saya mini salular da ke aljihuna. Yau shekara biyu ke nan ba mu ji muryarsa ba. A gida ba a zancen. Inna takan ce "mai nisa" in za ta ambace shi, mu ma muka ɗauka. Ban san ya bar komai a wajen kawu ba.

Kawu ya karanta: sunansa, ɗan ƙanwata, baƙar jaka ɗaya, bashin jarka biyu da rawani. Ya nuna mini jakar, tana can sama, an rufe ta da leda. Ita kaɗai aka rufe.

Na laluba aljihu na ce, "Kawu, nawa ne jarka biyu da rawani? Bari in biya masa." Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, ina ganin sauke masa nauyi zan yi. Kawu ya rufe littafin. Ya ce, "Malam ƙarami, mai da kuɗinka. Kai ka ci bashin? In na karɓa sai in ja layi. Shi zai zo ya biya da hannunsa." Ya tashi ya sauke labulen, ya ce wa yaron shago ya kawo wa baƙo dabino.

Da za mu fita, don dai in kawar da shirun, na tambaye shi me ya sa bai taɓa sa allo a ƙofa ba, na ce ni zan rubuta masa kyauta, da Hausa mai ƙugiya da komai. Ya yi dariya ya ce mai tafiya ya san shi, wanda ya dawo ya san shi, wa zai rubuta wa?

Aikin da na miƙa a Yamai shafi ukun nan ne, da hukuncina mai layi biyu, don lokaci ya ƙure kuma ban san yadda zan sa sauran a cikin tebur mai gida-gida ba. An ba ni 12 bisa 20, malam ya rubuta a gefe cewa bayanan sun yi kaɗan. Ban yi gardama ba.

Amma daren da za mu taso na koma shagon ni kaɗai, na roƙi kawu ya buɗe mini shafin. Na kwafe layin yayana a bayan kayena, baƙi bayan baƙi, kamar mai zanen hoto, kawu na riƙe da cocila yana gyara mini inda na sa ɗigo a sama maimakon ƙasa. Ya ce in na dawo babban hutu in zo da allo, kullum bayan la'asar, kafin motocin dare su fara tsayawa.