Kakana, Sojan Sigina

  

Ya 'yan uwana ɗalibai, a wannan fitowa zan ba ku labarin kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho. Ya yi aikin soja shekara 10, ya je har ƙasar Kwango, amma da bakinsa ya ce bai taɓa harbin ɗan Adam ba. Aikinsa shi ne sigina, wato karɓar saƙo da aika saƙo ta wayar iska tsakanin rundunoni.

An haife shi wajen 1935 a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi, saboda haka yana ɗan shekara 4 aka fara yaƙin Hitila a 1939. Bai ji ƙarar igwa ba, amma yaƙin ya iske su har cikin tukunyar miya. Gishiri ya yi wuya, mata suka koma ga toka da kanwa. Kananzir ya ɓace, yadin kanti ya gagari talaka, sai saƙi. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza, sai Turawa suka juyo kan kuzar Jos, aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas, har zuwa 1944. Mahaifin Baba Tsoho na cikin waɗanda aka ɗiba.

To, nan ne abin ya faru. Bayan 'yan watanni wani mutumin ƙauyen maƙwabta ya dawo daga Jos, ya ce ya ji an ce sanyi da ciwon ƙirji sun kashe mahaifin nasa. Aka yi kuka, aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai, mahaifiyarsa ta shiga takaba. Ana nan sai ga mutum ya yi sallama da almuru, ya rame, yana tari, amma da ransa. Ashe wani mai irin sunansa ne ya rasu, daga wata gunduma daban. Mai kawo labarin ba maƙaryaci ba ne, mutumin kirki ne ma. Ya ji rabin magana ne ya cike sauran da zato. Baba Tsoho ya kan ce, "Ranar da aka ce ubana ya mutu ta fi zauna mani a rai bisa ranar da ya dawo."

A 1946 'yan yaƙin Bama suka fara dawowa, waɗanda suka yi yaƙi cikin runduna ta 81 da ta 82, wato sojojin da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gaishe su. Yara kan bi jakan auduga zuwa Funtua don kawai su tsaya tashar jirgin ƙasa su ga masu manyan takalma suna sauka. Tun daga nan sha'awar kaki ta shige shi. Ya yi karatun allo, da aka kawo Yaƙi da Jahilci ya shiga aji ya koyi boko, sa'an nan a 1955 ya hau jirgi zuwa Zariya ya shiga Dafo a matsayin kurtu. Labarin fareti da gudun asuba da tsawar saje ba sai na tsawaita ba, kowane soja yana da irinsa.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne da aka ga ya iya rubutu kuma yana da saurin hadda, sai aka ware shi ga sigina. A wancan zamani 'yan Arewa kaɗan ne a wannan fanni, don yana bukatar Turanci, alhali yawancinmu ba mu yi makarantar boko ba. Aka koya masa Turanci a bariki, aka koya masa haruffan Mos, inda kowane harafi ƙara ce gajera ko doguwa. Alal misali harafin E gajera ɗaya ne, T doguwa ɗaya, kiran neman agaji kuwa gajeru uku, dogaye uku, gajeru uku. Ya ce wanda ya saba wanke allo bayan ya haddace, wannan ba ta ba shi wuya. Har ya tsufa, in yana zaune shi kaɗai za ka ga yatsansa na ƙwanƙwasa gefen buta, ashe sunayen jikokinsa yake bugawa.

Amma babban darasin ba haruffa ba ne. Ƙa'idar aikin ita ce ka rubuta abin da kunnenka ya ji, da lokacin da ka ji shi, da wanda ya aiko. In kalma ta kuɓuce maka ka nemi a maimaita. In lamba ce ka karanto wa mai aikowa ya tabbatar. In ba a samu maimaitawa ba ka bar gurbin a buɗe, ka faɗa wa hafsa cewa nan ban ji ba. Ko da ka tabbata a ranka ka san kalmar da ta faɗi, ba ka da izinin cikewa. Lokacin da nake karatun musɗalahul hadisi na taɓa yi masa bayanin sharaɗin mai ruwaya, adala da dabɗi, wato ya zama mai gaskiya kuma mai kiyaye abin da ya ji. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai ja'irin malam, ashe ku ma 'yan sigina ne, kaki ne kurum ba a ba ku ba."

Kwango ta samu 'yanci daga Beljiyam ranar 30 ga Yuni 1960. Cikin 'yan kwanaki sojojinta suka yi bore, lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle ƙarƙashin Combe, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura rundunar kiyaye zaman lafiya. Nijeriya ba ta fi wata guda da 'yan kwanaki da samun nata 'yancin ba, a Nuwamba 1960, ta aika da sojojinta. Baba Tsoho ya sauka Bukavu, bakin tafkin Kivu, ƙasar duwatsu da ruwan sama. Yana can aka kashe Firayim Minista Lumumba a Janairu 1961.

Ya ce wahalar aikin iri biyu ce. Ta jiki ita ce goyon akwatin waya da batura masu nauyin tsiya, da hawa itace a rataya igiyar eriya. Ta kunne ta fi. In hadari ya taso sai wayar ta cika da ƙara kamar ana toya gyaɗa, kuma zangon da ke kai magana da rana ba lalle ya kai da dare ba, sai an sauya. Ga rundunar ta haɗa Indiyawa da Habashawa da mutanen Gana da na Ayalan da na Suwidin, kowa da irin Turancinsa. A gari kuwa Faransanci da Sawahili ake yi. Abin da ya ɗebe masa kewa shi ne ya ji suna cewa habari da sabuni da duniya, ya gane labari da sabulu ne, Larabci ya riga shi zuwa.

Wani dare yana bakin aiki saƙo ya shigo daga wani sansani cewa an kashe soja guda a kan hanya. Aka bugo lamba da suna. Sunan abokinsa ne, ɗan wajen Ɗanja, wanda suka shiga Dafo tare. Ya ce hannunsa na rawa ya nemi a maimaita lambar, aka maimaita, ya karanto, aka tabbatar. Ya rubuta, ya sa lokaci, ya kai wa hafsa, ya sara, ya koma kujerarsa. Ƙanen mamacin yana cikin wannan bataliya, sun haɗu wajen alwalar asuba, yaron har ya tambaye shi ko an ji labarin mutanen hanya. Bai faɗa masa ba, don ba shi aka aika gare shi ba, kuma bai yi masa ƙarya ba. Ya ce da shi, "Hafsa zai neme ka." Ni a ganina wannan asubar ta fi duk wani fareti nauyi, kuma sau biyu kacal na ji ya ba da labarinta.

Sojojin Nijeriya na ƙarshe sun bar Kwango a Yuni 1964, shi kuma ya ajiye kaki a 1965 ya koma noman auduga da masara. Da Janar Murtala Muhammed ya zama shugaban ƙasa a 1975, mutane suka ji shi ma hafsan sigina ne kuma ya je Kwango, sai suka dami Baba Tsoho lalle sun san juna. Da ya so da ya ci goro da wannan magana shekara da shekaru. Ya ce bai taɓa sa shi a ido ba.

A Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, labari ya koma yawo da baki kamar zamanin yarintarsa. Kullum sai wani ya shigo zaure a guje, an ce an tashi gari kaza, an ce an ɗebi mutum kaza. Shi kuwa yana kishingiɗe bisa buzu sai ya ɗaga hannu. "Tsaya, ɗana. Wa ya faɗa maka? Shi ya gani, ko shi ma ji ya yi? Yaushe?" Wata rana da wannan tambaya ya hana a kai wa wata maƙwabciyarmu labarin mijinta, har aka tashi yaro bisa babur ya je ya dubo. Wancan karon labarin gaskiya ne, an sace shi. Baba Tsoho ya sa aka kira wan mijin, ya ce shi ya kamata ya shiga ya faɗa mata.

Ya rasu da damina ta 2022. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, amin.