Soson Teku da Mutanen Bakin Iyaka

Ni mutumin Amarawa ne, a ƙasar Illela, inda ba mu san wani soso ba sai na wanka da ke yaɗo a jikin danga. Saboda haka ranar da abokin kwanana, ɗalibin nazarin halittu, ya ce mini akwai wata dabba cikin teku mai suna soso, wadda ba ta da zuciya balle ƙwaƙwalwa, sai na ɗauka almara yake yi. Da ya ga ina musu, sai ya kawo mini labarin gwajin da wani masani Ba'amurke, H. V. Wilson, ya bayyana a 1907.

Wilson ya sami soso mai rai ya matse shi ta cikin ƙyallen siliki, har ƙwayoyin halittarsa suka rarrabu cikin ruwan teku kamar an dama kunu. Maimakon su mutu, sai suka shiga rarrafe a gindin kwano, wannan ta taɓa waccan su manne, suka yi curi-curi, daga bisani ƙananan sosuna suka tashi. A 1963 Tom Humphreys ya nuna cewa akwai wani sinadari a bayan kowace ƙwaya da ke aikin danƙo, kuma ba ya kamawa sai ruwan na da kalsiyam. In an gauraya jinsi biyu kuwa, sau da yawa kowace ƙwaya 'yar'uwarta take bi.

Wannan labari ya hana ni barci, domin kuwa ya taɓa mini inda ke ciwo. Rabin danginmu a Birnin Ƙonni suke. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata iyaka tsakaninmu da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, amma aure da fatauci da kasuwar Lahadi ta Illela ba su fasa haɗa mu ba. An rufe iyakar a 2019, aka buɗe a ƙarshen 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe ta.

A cikin wannan rufewa ta biyu kakata ta kwanta ciwo a Ƙonni. Ta sa aka kira ni a waya, ta ce, "Maigidana, yaushe za ka taho?" Na ce, "Kaka, da zarar an buɗe hanya." Alhali kuwa na san samari na ratsa daji da babura kullum, tsoro ne kawai ya riƙe ni. Allah ya karɓi abarsa kafin Maris na 2024 da aka buɗe.

Da muka tafi gaisuwa daga baya, na ga dangi sun cika gida, ana ta tambayar bayan rabuwa, sai ka ce ba a taɓa raba mu ba. Lalle ɗan'uwa rabin jiki. Sai dai kama da wane ba ta wane. Ƙwayar soso ba ta da zaɓi, da ta taɓa 'yar'uwarta sai mannewa, kuma jinsinta kaɗai take nema. Mu kuwa a kasuwarmu Bahaushe da Buzu da Bafillace duk inuwa guda suke sha, amma danƙonmu ba ya aiki sai mutum ya tashi ya taka. Shi ya sa magabata suka ce zumunta a ƙafa take. Ni na tsaya jiran hukuma, ga shi har yau in na shiga gidan nan ɗakin kaka nake fara duba.