Ƙaramar Farfelar Wutsiya

Gyaran ɗan jirgi mai saukar ungulu, irin na rimot da batir, ba ya son gaggawa. Dole nauyin fikafikan babbar farfela ya zo ɗaya, in ba haka ba jirgin sai karkarwa. Amma ƙaramar farfelar wutsiya ce ke jefa ni tunani. Ba ita ke ɗaga jirgin ba, babban aikinta shi ne ta hana shi jujjuyawa, tsarin da Igor Sikorsky ya gwada a Amurka a 1939. Haka a gida da unguwa akwai masu riƙe mu ba hayaniya, ba a sanin darajarsu sai ranar da babu su. Mu gode musu tun suna raye.